Mota ta kaɗe maigidana, asibiti na neman kuɗin da ba mu da shi

Assalamu alaikum Yaya. Maigidana tela ne a nan Kano. Yana dawowa daga Kantin Kwari a kan babur ɗinsa, da yadin mutane a baya, wata mota ta kaɗe shi, ya karye a cinya. Waɗanda suka ɗauke shi suka kai shi wani asibitin kuɗi da ke kusa. An tsayar da jinin, an ɗauki hoton ƙashi, likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma sai mun ajiye fiye da rabin kuɗin kafin a shiga da shi tiyata. Abin da suka yanka mana ya haura naira miliyan ɗaya. Mai motar ya biya kuɗin daren farko ya ce zai dawo, tun daga nan ba ya ɗaga waya. Ba mu da inshorar lafiya. Surukata ta ce a fito da shi a kai shi wurin mai ɗori a ƙauyensu, yayansa kuma ya ce a sayar da kekunan ɗinkinsa biyu. Ni ina tunanin cin bashi a irin manhajojin nan na waya. Shi kuwa maigidan cewa yake ƙaddara ce, a ƙyale mai motar. 'Ya'yanmu uku. Ina zan sa kaina?

Daga wata baiwar Allah, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jinya. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Kowa a gidanku ya kawo shawara, kuma na san duk da kyakkyawar niyya suka kawo ta. Sai dai dukkansu a wuri ɗaya suka tsaya, wato yadda ku kaɗai za ku ɗauki wannan nauyi. A ganina nauyin ba naku ne ku kaɗai ba. Akwai wanda ya jawo shi, akwai kamfanin inshorar da doka ta ce ya tsaya wa wanda ya jawo shi, akwai kuma haƙƙin da mai larura irin taku yake da shi a dukiyar masu hali. Sai an bi waɗannan an ga abin da ya samu kafin a zo maganar sayar da abin da kuke ci da shi. Amma bari in fara da ƙafar, tunda ita ba ta jira.

Kada a kai shi wurin mai ɗori. Ba raina maɗora nake yi ba, sana'a ce ta gado, kuma targaɗe da ƙananan karaya suna warkewa a hannun waɗanda suka san aikin. Ƙashin cinya ne ya bambanta. Shi ne mafi tsawo a jikin mutum, naman da ya kewaye shi kuma mai kauri ne mai ƙarfi, da zarar ƙashin ya rabu biyu sai naman ya ja guntayen su haye juna. Kara da tsumma ba sa iya riƙe su a daidai. Idan ya haɗe a karkace, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, gyaransa sai an sake karya shi a tiyata, kuɗin kuma ya fi wanda kuke gudu yanzu. Sannan kin ce sai da aka tsayar da jini. In har raunin ya kai ga ƙashin, ƙwayoyin cuta na iya shiga ciki, ciwon ya yi ta ruwa wata da watanni. Mafi muni shi ne ɗaurin da aka tamke ya hana jini gudu: yatsu su yi sanyi, su kumbura, su yi baƙi, a dawo asibiti lokacin da babu abin yi sai yankewa. Likitocin ƙashi a ƙasar nan sun daɗe suna kokawa da irin waɗannan da ake kawo musu a makare. Mijinki kuma tela ne, da ƙafar nan yake taka keke.

Surukarki ba gardama take nema ba, tsoro take ji, tsoron wuƙar likita da tsoron kuɗin. Kada ki ja da ita a bakin gado, ba zai yi miki kyau ba ko da kin fi ta gaskiya. Ki ce mata, "Hajiya, mu je tare ki ji daga bakin likita." A ɗaga mata hoton ƙashin a haske ta ga yadda guntayen suka haye juna da idonta. In akwai ƙaninta ko wani dattijo da take jin maganarsa, a sa shi a gaba.

Ranar da za ku ga likitan, ki riƙe takarda da biro. Ki roƙi a rubuta miki lissafin dalla-dalla: kuɗin ƙarfen nawa, na aikin nawa, na allurar barci, na jini, na gado, na magani. Jimillar da aka faɗa da baki ba ta da wurin kamawa, amma wadda aka rarraba a rubuce za ki ga inda za a iya ragewa. Jini, alal misali, idan 'yan uwa da abokan sana'arsa suka zo suka bayar, abin da zai rage muku yawanci kuɗin gwaji ne da na leda. Ki tambaye shi kwana nawa aikin zai iya jira ba tare da ƙafar ta cutu ba, domin wannan amsar ce za ta gaya miki yawan lokacin da kike da shi na neman kuɗi. Ki kuma tambaya ko akwai wata hanya mai sauƙin kuɗi. Akwai karayar da ake ɗaura wa nauyi a ja ƙafar, mutum ya yi makonni masu yawa a kwance. Ba kowace karaya ce ta dace da haka ba, kuma doguwar kwanciya tana da nata haɗarin da nata kuɗin gadon, amma tambayar haƙƙinku ce.

Daga nan sai ki nemi takardar tura shi asibitin gwamnati, tare da hotunan ƙashin da sakamakon gwaje-gwajen da kuka riga kuka biya. Allah ya taimake ku a Kano kuke. Ga Asibitin Ƙashi na Dala, na gwamnatin tarayya, wanda aikinsa ke nan dare da rana, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga na Murtala. Kada ki sa rai da kyauta, can ma za a ce ku sayi ƙarfe ku biya kuɗin aiki, kuma akwai layi. Amma a mafi yawan lokuta sun fi asibitin kuɗi rangwame, kuma manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, wanda ma'aikata ke kira soshiyal welfeya. Aikinsu shi ne su binciki halin mai jinya, su nema masa ragi ko biya kashi-kashi, su haɗa shi da masu kawo taimako. Mutane da yawa suna gama jinyarsu ba su san da ofishin ba. Tun kafin a motsa da shi, wani ya je da hoton ya ji farashi ya tabbatar akwai gado, kada a fito da mai karayar cinya a yi ta yawo da shi a A Daidaita Sahu.

Za ki ji ana cewa doka ta hana asibiti neman kuɗi a wurin wanda ya yi haɗari. Ga yadda abin yake. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuma tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wannan ya shafi ceton rai: tsayar da jini, ƙarin ruwa, daidaita mutum har ya fita daga haɗari. Bai shafe bashin ba, kuma ba zai tilasta wa asibitin kuɗi ya sa ƙarfe kyauta ba. Amfaninsa gare ki shi ne, in jikinsa ya rikice cikin dare, babu mai ikon cewa sai kin biya kafin a duba shi. Haka kuma bashi ba ya ba asibiti ikon tsare mutum. In sun ce ba zai fita ba sai an biya ragowar, ki nemi a rubuta yarjejeniyar biya a hankali, wani babba a dangi ya tsaya.

Yanzu ga maganar da na fi so ki ba ni hankalinki a kai, ta mai motar.

Mijinki ya ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ƙaddara ba ta ɗauke wa mutum alhakin ɓarnar da ta fito ta hannunsa. Alƙur'ani, a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i, ya wajabta diyya a kan kisan da aka yi bisa kuskure, malaman fiƙihu kuma sun yi bayani mai tsawo a kan raunuka da abin da ake biya a kansu ko da ba da gangan aka yi ba. Saboda haka neman mai motar ya ɗauki jinya ba rashin tawakkali ba ne, ba kuma mugunta ba ce. Yafiya haƙƙin mijinki ce, ba mai ƙwace masa ita, ladanta kuma babba ne. Abin da zan roƙe shi kawai, kada ya yanke hukunci yana kwance cikin zafin ciwo, bai san nawa jinyar za ta ci ba, bai san wata nawa zai yi bai hau keke ba. Yana iya yafe wahalar da ya sha da zafin da ya ji, ya bar mutumin da kuɗin asibiti. Idan ya yafe duka alhali ba shi da abin biya, yaran nan uku ne za su biya da abincinsu da makarantarsu. Ki faɗa masa haka cikin lalama, lokacin da kuke ku biyu.

Ban ji ta bakin mai motar ba, kuma ban san yadda haɗarin ya faru ba, shi ya sa rahoton 'yan sanda yake da muhimmanci. In ba a kai ba tukuna, gobe yayansa ya je ofishin 'yan sandan yankin da abin ya faru, sashen da ke kula da haɗarin mota, ya tafi da waɗanda suka ɗauko shi tun ba su manta abin da suka gani ba. A ɗauki hoton babur ɗin yadda yake, kada a gyara kada a sayar tukuna. In ba ku riƙe lambar motar ba, kuna da lambar wayarsa, kuma idan ta banki ya biya kuɗin daren farko, sunansa na nan a shaidar biyan da ke hannun asibitin.

Lambar motar nan tana da amfani fiye da yadda kike zato. Tun da daɗewa dokar ƙasar nan ta wajabta wa duk mai abin hawa ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya ji wa rauni ko ya kashe a hanya. Ita ce takardar nan da direbobi ke cusawa a aljihun mota don nuna wa 'yan sanda, yawancinsu ba su san an yi ta ne domin mutum irin mijinki ba. Daga watan Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, ta kuma ɗaga iyakar abin da ake biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Ke nan bayan raunin jikinsa, babur ɗin da yadin mutanen da ya lalace su ma suna cikin abin da za a nema. Ana iya danna *565*11# a waya, a sa lambar motar, a ga ko takardarsa ta gaske ce da sunan kamfanin da ya ba shi. Dole a duba, domin jabun takardu sun yi yawa a hannun direbobi.

Wannan kuma zai sauya yadda za ku tunkare shi. Sau da yawa wanda ya daina ɗaga waya ba mugu ba ne, ya ji an ambaci miliyan ne ya firgita. A aika masa saƙo ta hannun wanda yake jin kunyarsa, mai unguwarsu ko limaminsu, a ce masa ba ɗaure shi ake nema ba, ya zo a zauna, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa cewa ya yi haɗari, tunda shi ne ya kamata ya fara kai musu rahoto kuma jinkiri yana ba su hujjar zillewa. In takardar tasa jabu ce, nauyin ya dawo aljihunsa, kuma shi ma ya san tuƙi ba inshora laifi ne. In motar ta wani ce ko ta kamfani, a nemo mai ita.

Duk abin da aka daidaita a rubuta shi a gaban shaidu, da adadi da ranar biya. Ki kula da abu ɗaya: kada kowa ya sa hannu a takardar da ta ce magana ta ƙare alhali ba a yi aikin ba. Bayan tiyata akwai magani, akwai sandunan dogarawa, akwai gashin ƙashi, akwai komawa ganin likita da sake hoto, wani lokaci har da aikin cire ƙarfen daga baya. Wanda ya karɓi ɗan abin da aka miƙo masa a makon farko ya ce ya yafe sauran, shi zai ɗauki duk waɗannan. In mutumin ya ƙi zuwa sam, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa tana da ofishi a Kano, lauyoyinta suna tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, kuma neman diyyar haɗari yana cikin ayyukan da dokarta ta 2011 ta ɗora mata.

Kuɗin inshora ba zai iso kafin ranar aiki ba, kamfanonin suna da jan ƙafa. Shi na biyan bashin da za ku ci ne. Don haka ki sami leda guda ki riƙa tara kowane rasit a ciki, har na auduga da safar hannu, ki kuma ɗauki hotonsu a waya, saboda tawadar rasit tana gogewa. Ki nemi rahoton likita a rubuce. In kamfani ya yi ta yawo da hankalinku, NAICOM tana karɓar koke.

To kuɗin aikin na yanzu fa? Ki cire kunya. Aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta lissafa waɗanda zakka ta halatta gare su, mabuƙata da waɗanda bashi ya danne suna ciki. Ku kai takardar lissafin asibiti Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, ku kai wa limamin masallacin Juma'arku, ku kai wa shugabannin ƙungiyar teloli da 'yan kasuwar da yake sayen yadi a wurinsu shekara da shekaru. Mai bayarwa ya fi sakin hannu idan ya ga takarda mai hatimi, ya fi kuma natsuwa idan aka ce ya tura kai tsaye asusun asibitin da sunan majinyacin. Dangi kuma a tara su a faɗa musu adadin da ake nema da ranar da ake buƙatarsa, kowa ya faɗi abin da zai iya. "A taimaka da abin da ya sawwaƙa" ba ya tara kuɗin tiyata. In kina cikin adashi, ki roƙi uwar adashi a ba ki kwasar wannan zagayen. In za a kai maganar rediyo ko Facebook, sai da yardarsa, ba tare da an yaɗa hotonsa a halin da ba zai so a gan shi ba, kuma da kuɗin ya cika a fito a ce ya cika.

Manhajojin bashin nan, ki rufe wannan babin. Wa'adinsu makonni ne, mijinki kuwa zai yi watanni bai koma aiki ba. Ga kuɗin ruwa mai hauhawa, ga shi da kin sa manhajar sun kwashe lambobin da ke wayarki, ranar da kika gaza biya su aika wa surukanki da maƙwabtanki saƙon cin mutunci. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sha kai musu samame a kan wannan hali. In rance ya zama dole, a ci a hannun mutumin da ya san ku, a rubuta kamar yadda aya ta 282 cikin Baƙara ta yi umarni, a sa wa'adin da zai fara bayan ya koma shago.

Idan duk an yi wannan akwai saura, sai a duba abin sayarwa, kuma a fara da wanda ba ya kawo abinci: babur ɗin bayan an gama bincike, dabba in akwai, wayar da ta fi ƙarfin buƙata. 'Yan kunnenki da sarƙarki naki ne, ba mai tilasta miki. In kin ga za ki sayar, Allah ya ba ki lada, amma ki faɗa tun yanzu a gaban yayansa ko kyauta ce ko rance, kada abin alheri ya zama abin rigima nan gaba. Kekunan ɗinki su ne na ƙarshe, kuma ina fatan ba za a kai gare su ba. Maimakon a sayar, a sa babban yaron shagonsa ya ci gaba da karɓar aiki, ko a ba wani amintaccen tela haya ya riƙa kawo wani abu duk mako. Masu yadin da ya lalace a je a same su tun kafin su zo nema, a faɗa musu abin da ya faru. Yawancinsu za su yi haƙuri, kuma su ne za su dawo masa da ɗinki in ya miƙe.

Inshorar lafiya ba ta biyan abin da ya riga ya faru, don haka ba za ta fitar da ku daga wannan ba. Amma idan ƙura ta lafa, ki je hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, KSCHMA, ki tambayi tsarinsu na masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar NHIS, ita ma tana da tsarin da mutum zai yi wa kansa da iyalinsa rajista ko ba ya aikin gwamnati. Ki tambaye su tsawon wa'adin jira kafin katin ya fara aiki, da kuma ko ya haɗa da tiyatar ƙashi da kuɗin ƙarfe, domin ba kowane tsari ne ke ɗaukar su ba.

Ke ma ki samu wadda za ta riƙa karɓarki kwanan asibiti, ko ƙanwarsa ko taki, ki je gida ki ga yara ki runtsa. Jinyar karaya doguwa ce, kuma zirga-zirgar ofisoshin nan a raba ta: yayansa ya riƙe ɓangaren 'yan sanda da mai mota, ke ki riƙe na likita da takardu. Ki gaishe min da shi da jiki.